Kunnen Mai Gyaran Rediyo

Duk layin an san Mai Rediyo da abu biyu, kunne da zargi. Kunnen kyauta ce daga Allah. Zargin kuwa shi ya rene shi da hannunsa, har ya girma ya fi ƙarfinsa.

Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Mutum biyu ba sa shiga tare sai ɗaya ya yi gefe. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai rediyoyi jibge har rufi. Wasu masu su sun mutu, wasu sun manta, wasu kuma sun sayi wayar hannu sun huta da jigila. Bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. In aka ce ya rage tarkacen nan, sai ya ce ranar da ya zubar, ranar mai ita zai zo da shaidu.

Idan ka kawo masa gyara ba ya tambayarka abin da ya samu rediyon, domin a wurinsa duk mai kawo gyara maƙaryaci ne har sai kayansa sun wanke shi. Zai kunna ta, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya saurara kamar mai jin gulma ta bayan taga. Can sai ya ce, "Ta sha ruwa."

"Wallahi ko kusa da ruwa ba ta je ba."

"Ba kai na tambaya ba. Ita ta gaya mini."

In ya gama gyara, kowane noti sai ya ɗiga masa jan farce, daga wata tsohuwar kwalba da ya ɗauko a ɗakin matarsa. Ko bayan shekara ka dawo da rediyon kana rantsuwa ba wanda ya buɗe ta, ɗigon nan zai fara dubawa. Ya kunyata mutane da yawa da wannan ɗigo, har da masu furfura, kuma a gaskiya yana jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Da wannan lungu ya yi aure, da shi ya sa yaransa biyu a makaranta. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, ta zama ma'aikaciyar jinya. Auta kuma yana aiki a wani kamfani mai sayar da wayoyin hannu, wato dai ya shiga rundunar da ta kashe wa ubansa kasuwa. Mai Rediyo bai taɓa faɗin haka a fili ba, amma duk lokacin da ya ga wayar nan a hannun yaron sai fuskarsa ta canza.

Wata rana Auta ya leƙo shagon, ya dubi rediyoyin da ƙura ta lulluɓe, ya ce cikin raha, "Baba, wurin nan fa bakin hanya ne. Da za a kwashe waɗannan a zuba wayoyi da caja, da ka huta."

Yaron ya faɗa ya manta. Uban bai manta ba. Ya ɗauki maganar ya ajiye a zuciyarsa, ya ɗiga mata jan farce.

To, a shekarar da nake ba ku labari, abubuwa suka fara sauyawa a gidansa, kuma mutum irin Mai Rediyo ba ya ganin sauyi ya ce haka Allah ya so. Sai ya nemi wanda ya yi.

Na farko, matarsa, wadda yaran ke kira Umma, ta daina kawo masa abinci shago. Tun suna amare take sauko da kwano daga ɗakunansu na hawa na uku, ta ratsa titi biyu, ta zauna a bakin ƙofa tana yi masa tsiya kan ƙurar wurin har ya gama ci. Yanzu sai ta ɗaure masa kwanon tun da safe ta ce ya tafi da shi. Ya tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ni ma ai na girma." Ya ce to. A ransa kuwa ya ce, ba ta son ganin shagon ne, don ta san abin da ake shirya masa.

Na biyu, yaran suka tsiri zuwa tare duk ranar hutu. Da can sai a yi wata ba a ga Auta ba, Yaya kuma kullum tana bakin aiki. Yanzu ga su nan kamar an haɗa su da igiya, su gaishe shi, su shige wurin uwarsu, su fito baranda suna ƙus-ƙus.

Na uku shi ne ya fi ɗaure masa kai. Umma, wadda ta yi shekara da shekaru tana cewa ƙarar rediyo ta cinye mata kunne, ita ce yanzu da ta ji motsin mabuɗinsa a ƙofa take kunna ta falo, ta ƙure murya. Ya zauna ya auna abin ta kowane gefe, ya ga amsa ɗaya ce. Ana so a toshe masa kunne, kada ya ji abin da ake faɗa.

Sai kuma Turanci. Wannan ne ya fi ci masa rai. Shi ya narka dalma har idonsa ya raunana don su iya harshen nan, yau kuma sun mai da shi ƙofa suna rufewa a fuskarsa. Da ya matso baranda sai Hausa ta ɗauke kamar wutar lantarki, Turanci ya kama. Shi kuwa duk rayuwarsa yana jin Turanci yana zuba daga rediyoyin da yake gwadawa, amma kamar ruwan sama a kan kwano yake jinsa, ƙara kawai. Sai dai kunne kunne ne. Cikin wannan ruwan ya tsinci wata 'yar kalma guda, gajeriya, mai dawowa duk mako. Auta ya faɗe ta, Yaya ta mayar masa da ita, sannan su biyun su saci kallon ubansu.

Ya kai ƙarar kalmar wurin Ticha.

Ticha tsohon malamin Turanci ne da ya yi ritaya, yana zama a bencin mai aski daga hantsi zuwa la'asar, yana gyara wa allunan shaguna rubutu ba tare da an roƙe shi ba. Ba wanda ya ƙara tambayarsa komai tun da ya bar aji, don haka da Mai Rediyo ya ce yana da tambaya, har gyara zaman tabarau ya yi.

"Wata kalma nake so ka fassara mini. Yet."

"Yet," in ji Ticha, yana tauna ta kamar alewa. "Injiniya, ka ɗauko ƙaramar kalma mai babban aiki. A ina ka same ta?"

"A rediyo."

"A wane wuri ta zauna cikin maganar?"

"Wurin zamanta kuma ya shafe ni? Ma'anarta nake tambaya."

"Ai ma'anar tana wurin zaman. In ta zo a goshin magana, tana nufin amma duk da haka. Mutum ya ci ya ƙoshi, amma duk da haka yana leƙen kwanon wani. In ta zo a wutsiyar tambaya, ana tambaya ne ko abin da ake jira ya faru. In ta bi bayan a'a, to tukuna ke nan, bai faru ba amma yana hanya. Wani lokaci kuma ta tsaya gaban abu ta ce ga wani kuma an ƙara, kamar yadda mai aski ya sake ƙara kuɗin aski."

Mai aski ya ce daga ciki, "Ina jin ku."

Mai Rediyo ya taɓe baki. "Kalma ɗaya fuska huɗu. Wannan ai munafuka ce."

"Ba munafuka ba ce, ma'aikaciya ce. Inda aka ajiye ta nan take aiki. Yanzu gaya mini, taka a ina take?"

Mai Rediyo ya karkata kai, ya lumshe ido. Bai iya maimaita kalmomin ba, amma ya kwaikwayi tashin muryar da saukarta daidai, kamar yadda yake kwaikwayon kukan rediyo mai ciwo. Murya ta farko ta hau sama ta tsaya a kan kalmar. Ta biyu ta sauko, da wata gajeriyar kalma a gabanta.

Ticha ya gyaɗa kai. "Mutum biyu ne. Ɗaya yana cewa, an yi? Ɗayan yana cewa, tukuna."

"An yi me?"

"Wannan kuma kalmar ba ta faɗa. Ita dai ta gaya maka akwai abin da ake jira. Abin da ake jiran yana cikin sauran maganar, kai kuma wutsiya kaɗai ka kawo mini." Ya dube shi ta saman tabarau. "Wace tasha ce wannan, Injiniya?"

Mai Rediyo ya miƙe. Ya koma lungunsa yana zargin har Tichan, don ya tuna shi ya koyar da Auta a aji, kuma mutumin da ya san fuska huɗu na kalma ɗaya ba zai rasa fuska biyu ba.

Amma ya samu abin da yake nema. Akwai abin da ake jira. Me za a jira in ba ranar da za a kwashe masa shago ba? Daga nan komai ya zama shaida. Mai benen ya gaishe shi da fara'a fiye da kullum, Mai Rediyo ya ce a ransa an gama magana da shi. Mai fenti ya tsaya yana kallon bangon shagon, Mai Rediyo ya ce a ransa launi yake zaɓa. Yaya ta kawo masa sabuwar riga, ya ce rigar zaman gida ce. Ya daina cin abincin rana da daɗi. Ya ƙara kwado a ƙofar shagon. A gida kuma ya rage magana, ya zauna yana kallon matarsa ta gefen ido, rediyon falo tana ta ɓaɓatu a tsakaninsu. Abin da ya fi yi masa zafi ke nan, ita. Yara dai yara ne, amma matar da ta san yadda aka sayi teburin nan, ta san ranar da aka ɗaura wa kujerar nan waya, a ce da ita ake haɗa baki.

Ya tambaye ta sau ɗaya, kai tsaye. "Me yaran nan suke ƙullawa?"

"Me za su ƙulla, Malam? Hira suke."

"Hirar da ba a yi da Hausa?"

"Kai ka kai su makaranta," ta ce, ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyon.

Wani mutum da sai ya tara iyalinsa ya ce ku gaya mini gaskiya. Mai Rediyo ba ya cikin waɗannan. Shi bai taɓa yarda da bakin mai kaya ba, kayan yake saurara. Ya tona cikin tarkacensa ya zaƙulo wata rakoda da mai ita bai dawo ba, ya goge ta, ya sauya mata bel ɗin roba mai juya kaset, ya sa sabon batir da kaset. Dabararsa ita ce ya ɗauko Turancin nan gaba ɗayansa, kai da wutsiya, ya ajiye a gaban Ticha.

Ranar hutu bayan azahar, Umma tana kicin, ya tura rakodar ƙarƙashin doguwar kujerar falo, ya danna jan maɓalli, ya saki rigar kujerar ta rufe. Ya ɗaga murya ya ce wani zai zo karɓar gyara, shi ya tafi shago. A matakala ya ji a ransa abin da ya yi ba kyau, amma ya gaya wa kansa su suka fara.

Washegari da hantsi ya kira Ticha cikin shagon, ya ja ƙofa rabi. Ticha ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika, gwiwoyinsa na taɓa tebur.

"Abin da za ka ji a nan ya tsaya a nan," in ji Mai Rediyo.

"Injiniya, wannan ba tasha ba ce ko?"

"Kai dai fassara."

Ya danna. Kaset ya fara juyawa. Aka ji rediyon falo tana surutu, aka ji muryarsa yana sallama, ƙofa ta rufe, takunsa ya yi nisa a matakala. Sai aka ji wani taku a hankali, ana jan ƙafa, sannan ƙas, an kashe rediyon.

Ɗakin cikin kaset ya yi tsit. Kujera ta yi ƙara, an zauna a kanta, daidai saman rakodar.

"Ba Turanci a nan," in ji Ticha. "Tura gaba."

Mai Rediyo ya ɗaga masa hannu. Kansa ya riga ya karkata.

Numfashi ne. Ana jan sa da ƙyar, kamar ana jawo guga mai nauyi, in ya kai sama sai wani siririn fito ya biyo baya, irin na lasifikar da takardarta ta yage. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye har Ticha ya ɗago kai. Sannan ya dawo da tari, busasshe, wanda aka daɗe ana danne shi. Cikin tarin aka ji muryar Umma, ƙasa-ƙasa, tana magana da kanta.

"Ya tafi. Bari in yi abina in huta."

Mai Rediyo ya san wannan sautin. Ba yau ya fara ba, kunnensa ya gaya masa, ciwon da ya kai haka ya yi watanni yana ci. Watannin nan kuwa yana gidan, yana kwana a ɗakin, yana zaune taku biyu daga gare ta yana harararta. Ya tuna hawa uku na matakala da kwano a hannu. Ya tuna hannunta yana miƙewa wurin rediyo duk lokacin da ya shigo.

A kaset aka ƙwanƙwasa ƙofa, yaran suka shigo. Ticha ya gyara zama, ya shirya aikinsa. Aikin bai zo ba. Tun da uban ba ya nan, ba wanda ya nemi Turanci.

"Umma, kin sha na rana?" Muryar Yaya ce.

"Na sha."

"Ƙafar ta ƙara kumbura. Likita ya ce a kwantar da ke, ba zan iya ta ba shi haƙuri ba."

Sai muryar Auta. "Umma, don Allah a gaya wa Baba. Ni na gaji da kallon da yake mini. Duk mako ina tambayar Yaya ko an gaya masa."

"Tukuna," in ji Umma. Ta tsaya ta nemi numfashi. "Kun san halinsa. Ranar da ya ji, zai sa wa shagon nan kwado ya zo ya zauna ya zuba mini ido. In ya rufe shi kuwa ba zai sake buɗewa ba, kuma ubanku ba shi da wani wuri a duniya sai lungun nan. Ku bar shi ya yi ta zarginsa. Zargi ba ya kashe shi, ya saba."

Ticha ya miƙa hannu da kansa ya kashe rakodar. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Kunya ce ta fara kama Mai Rediyo, sannan tsoro ya zo ya ture ta. Ya dubi rediyoyin da ya tsare shekara da shekaru don kada a zo da shaidu, ya dubi kwalbar jan farcen da ke kan tebur, tata ce, ya ɗauko ba tare da ya tambaye ta ba. Ya tashi, ya kashe fitila, ya jira Ticha ya fita, ya ja ƙofa ya sa kwado biyun. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, don bai taɓa ganin an rufe wurin nan da rana tsaka ba.

"Lafiya, Injiniya?"

"In wani ya zo, ka ce ya dawo."

"Yaushe?"

Mai Rediyo ya riga ya tsallaka titi.

Ya hau matakalar gidan a hankali, yana jin kowane hawa a gwiwarsa, yana tunanin yadda ita take hawa. Da ya sa mabuɗi a ƙofa ya ji motsi a ciki, da sauri, sai rediyon falo ta kama surutu. Ya shiga. Tana zaune a doguwar kujera, ta jingina da matasai biyu, ta ja zane ta rufe ƙafafunta, tana murmushi.

"Malam, yau kuma da wuri? Ko kwanon ka manta?"

Ya je ya kashe rediyon. Ta miƙa hannu za ta kunna, ya riƙe hannun, ya ji ya yi sanyi, ya ji kuma yadda ya rame.

"Bar ta," ya ce.

Ya jawo ƙaramar kujera ya zauna kusa da ita. Ta yi ƙoƙarin riƙe numfashinta, ta riƙe iya yadda za ta iya, sannan ya ƙwace, da fiton da komai. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya saurara har ƙarshe. Ya ji ciwon sarai, ya san inda yake, amma wannan karon ba noti ba ne da zai kwance, ba waya ba ce da zai haɗa da dalma.

Ta daina murmushin. "Wane ne a cikinsu ya gaya maka? Auta ne ko?"

"Ba wanda ya gaya mini," ya ce. "Ke kika gaya mini."

Ta dube shi, ta dubi aljihunsa inda mabuɗan shagon suka yi tudu.

"Ka rufe ke nan."

"Na rufe."

"Abin da nake gudu ke nan, Malam."

"Na sani," ya ce. Bai saki hannunta ba. Da ɗaya hannun ya jawo wayarta daga kan tebur, irin wadda ya ƙi taɓawa duk shekarun nan, ya juya ta gaba da baya, sannan ya miƙa mata. "Nuna mini inda ake dannawa a kira Yaya. Ta zo da mota."